Wayar da ke aljihun mutanenmu ce ya kamata ta zaɓa mana kayan aiki

Duk inda matasa masu haɗa manhajar waya suka zauna, a Kano ne ko Kaduna ko Zariya, ba a jimawa sai musun ya tashi a kan kayan aikin da ya fi dacewa a gina manhaja da shi: Flutter ko React Native? Wannan ya ce Dart harshe ne da babu mai kula shi in ba don Flutter ba. Wancan ya ce JavaScript, harshen React Native, kasuwar ƙauye ce, kowa da abin da ya baza. Can sai wani ya jefo Kotlin, harshen rubuta manhajar Android, cikin zancen, a koma farko. Na sha zama a irin wannan majalisa, na kuma sha ɗaga murya a cikinta. Abin da ya fara damuna daga baya shi ne, kusan duk hujjojin da muke jifan juna da su na aro ne. An ƙera su a Amurka, inda fiye da rabin masu waya iPhone suke riƙewa, inda ba a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, inda babu mai ƙirga megabait kafin ya sauke manhaja. A can, kamfanin da ya fito da manhajar Android kaɗai ya yi asarar rabin kasuwa, don haka dole su nemi hanyar rubuta kod, wato umarnin da ke gina manhaja, sau ɗaya ya hau kan wayoyin biyu. Mu fa, wace matsala muke ƙoƙarin warwarewa?

Wata ƙungiyar manoma ta taɓa ba ni aiki. Suna tara riɗi da waken suya daga ƙauyuka, su kai wa manyan 'yan kasuwa a Dawanau, suna so a yi musu manhajar da wakilansu za su riƙa shigar da sunan manomi da yawan buhu da nauyi da kuɗin da aka biya. Ranar da muka fara zama, shugaban ya ɗora wayarsa a kan tebur ya ce, "Injiniya, sharaɗina ɗaya ne, sai ta hau kan wannan." iPhone ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, za ta hau in Allah ya yarda, amma ina roƙon alfarma a tara min wakilan, ina so in ga wayoyinsu."

Bayan sallar la'asar aka shimfiɗa tabarma, kowa ya ajiye tasa. Itel, Tecno, Infinix, wata tsohuwar Samsung da aka ɗaure bayanta da roba. A cikin mutum kusan arba'in, iPhone biyu ce kacal, ta shugaba da ta ma'aji, kuma su biyun ba sa zuwa gona. Na ɗauki wayar wani dattijo daga cikin wakilan na duba: RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, gigabait 2, ma'adanarta ta cika maƙil. Da na ce masa sai an rage kaya kafin manhaja ta shiga, ya karɓi wayar ya yi ta latsawa yana dubawa, ya wuce wa'azozi, ya wuce karatun Alƙur'ani, ya tsaya a kan bidiyon bikin 'yarsa. Ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce, "Yaro, nawa kake buƙata? Kada ka sa in goge wannan." Tun daga ranar, duk lokacin da zan ƙara wani abu a cikin manhaja, wannan tambayar nake fara tunawa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda kayan aikin nan suka bambanta, don bambancin nasu ba na suna ba ne kawai. React Native, wanda Facebook ya fitar a 2015, kamar tafinta yake. Kai ka rubuta da JavaScript ko TypeScript, shi kuma ya gaya wa wayar ta fito da maɓallinta na asali da akwatin rubutunta na asali. Shekaru da yawa kukan da ake yi da shi shi ne tafintan yana jan ƙafa, saƙo sai ya bi ta wata gada kafin ya isa. Sun rushe gadar sun sake gini, kuma tun fitowar 0.76 a ƙarshen 2024 sabon ginin ne kowane sabon aiki ke farawa da shi. Flutter na Google, wanda ya kai 1.0 a watan Disambar 2018, shi amarya ce da ta zo da kayan ɗakinta. Ba ya aron maɓallin kowa, fili kawai yake so a ba shi, ya zana komai da injinsa, kuma ana juya kod ɗin Dart zuwa harshen na'ura kai tsaye. Shi ya sa manhajarsa take fitowa iri ɗaya a sabuwar waya da tsohuwa, shi ya sa kuma ko manhajar da ba ta yin komai sai ta ɗauko injin nan a bayanta. Kotlin Multiplatform na kamfanin JetBrains ya bi wata hanya dabam: lissafi da ajiyar bayanai da magana da saba (kwamfutar da ke riƙe bayanai a intanet) a rubuta su sau ɗaya, fuskar manhajar kuwa in ka so ka yi wa kowace waya tata, in ka so ka haɗa su da Compose, kayan zana fuskar manhaja na Kotlin. An ayyana shi a matsayin wanda ya nuna a watan Nuwambar 2023, Google ma ya fito fili ya mara masa baya a 2024.

Akwai .NET MAUI ga wanda ya riga ya ƙware a C#, akwai Ionic da Capacitor masu naɗe shafin intanet su mayar da shi manhaja. Ba zan tsaya a kansu ba. Na farkon ba kasafai ake samun masu iya shi a nan ba, na biyun kuma a ƙaramar waya ake fara jin nauyinsa.

To, a cikin ukun farko wanne ya fi? In ana maganar sauri, a gaskiya kowannensu ya isa. Bankin Nubank na Brazil da miliyoyin kwastomominsa Flutter yake amfani da shi, haka ma manhajar My BMW. Shopify ya koma React Native tun 2020, Discord ma da shi yake aiki. Babu manhajar da ni ko kai za mu rubuta a Zoo Road da za ta fi ƙarfin ɗayansu. Wanda duk ya ce maka aikinsa ya lalace saboda harshen da ya zaɓa, ka nemi ganin kod ɗin, galibi za ka tarar hotuna ne manya-manya ba a matse su ba, ko jerin sunaye dubu da aka loda gaba ɗaya, ko an jibga kayan aro ashirin don a yi abin da layi goma zai yi.

Inda ake gane gwani a wurinmu shi ne wurin da sabis ya ɗauke. Wakilin da ke ƙauye yana shigar da buhu talatin ba tare da netwok ba, sai ya hau babur ya fito bakin titi sannan bayanan su tafi. Idan wakilai biyu suka gyara bayanin manomi ɗaya a rana ɗaya, na wa za a ɗauka? Idan batir ya mutu ana tsakiyar aikawa, a ina za a ci gaba? Babu Flutter ko React Native da zai amsa maka wannan. Kai ne za ka zauna da SQLite, ma'ajiyar bayanai ta cikin waya, ka tsara. Sannan ga wata ƙaya da ba a faɗa a darussan YouTube: kamfanonin waya da dama suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe, wanda kuma abu ne mai ma'ana ga mutumin da ke biyan kuɗi kafin a yi masa caji a shago. Sai ka tsara cewa bayanai su tafi da kansu da zarar sabis ya dawo, ka wayi gari ba su tafi ba. Ranar da wannan ya same ka, za ka buɗe babban fayil ɗin Android da kake tsallakewa kullum, ka tarar da Kotlin yana jiran ka. Haka in aka ce manhajar ta buga rasit da 'yar ƙaramar na'urar nan ta Bluetooth, ko ta hau kan na'urar POS. Yawancin sababbin na'urorin POS da ke rumfunan bakin titi Android ne a cikinsu, kuma kayan haɗin da masu ƙera su ke bayarwa na Java ne ko Kotlin.

Wannan ne ya kai ni ga ra'ayin da nake kai yanzu. A ƙasarmu, dandamali na biyu da ya kamata mai haɗa manhaja ya damu da shi sau da yawa ba iPhone ba ne. Ƙaramar Android ce mai Android Go, irin wanda Google ya fito da shi a 2017 don wayoyi masu ƙarancin RAM. Na'urar POS ce. Burauza ce a kwamfutar sakatare. Wani lokacin ma USSD ne, wato lambobin nan da ake dannawa da * da #, ko saƙon tes, don manomin da kansa 'yar rakani-kashi yake riƙewa. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel shi ya mamaye kasuwar waya a Afirka saboda ya duba aljihun mutane da yanayin wutarsu ya ƙera abin da ya dace da su. Mu da muke rubuta abin da zai hau kan wayoyin ba mu yi irin wannan duban ba.

A duba batun data kawai. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mutumin da ke sayen data ta kwana ɗaya ba zai sauke manhaja mai nauyi don ka ce masa tana da kyau ba. Abin da zai yi shi ne ya ce wa abokinsa, "Turo min ta Xender." Ke nan ban da abin da ka ɗora a Play Store, wanda tun Agustan 2021 yake karɓar sababbin manhajoji a ɗaurin AAB da ba a sakawa a waya kai tsaye, kana buƙatar fayil ɗin APK guda, wato wanda ake sakawa kai tsaye, da zai iya yawo daga waya zuwa waya, kuma ka raba shi bisa nau'in injin waya don kada kowa ya ɗauki kayan da ba nasa ba. A nan React Native yana da wata fa'ida ta gaske: ana iya tura ƙaramin gyara kai tsaye cikin manhajar ba tare da mutum ya sake sauke ta gaba ɗaya ba, musamman ta hanyar Expo, wani kayan aiki da aka gina a kansa. Masu Flutter ma sun samu irin wannan daga Shorebird. Ga mai ƙirga megabait, wannan ya fi duk wata gasar sauri da ake nunawa a jadawali muhimmanci.

Shi kuwa ɓangaren Apple, kuɗi ne tsagwaronsa. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, kuma bayan da aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, wannan ya haura naira 100,000, ban da wahalar samun katin da zai biya. Xcode, manhajar Apple da ake haɗa manhajar iPhone da ita, ba ya aiki sai a kan kwamfutar Mac. Gaskiya ne akwai Codemagic da EAS Build da za su haɗa maka manhajar a kan injinansu, amma ranar da ta ƙi buɗewa a wayar kwastoma, sai ka riƙe iPhone a hannunka kafin ka gane dalili. Cewa "kod ɗaya, waya biyu" ba ya nufin aiki ɗaya. Gwaji biyu ne, dokokin shago biyu, neman izinin kamara da na sanarwa iri biyu. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma matashin da ke aiki shi kaɗai da laftof mai RAM gigabait 8, yana jiran a kawo wuta Gradle, mai harhaɗa manhajar Android, ya gama sauke kayansa, ya fi kowa sanin haka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda ba za ka taɓa jin sa a muhawarar waje ba: haruffanmu masu lanƙwasa. Mai zane ya zaɓo kyakkyawan salon rubutu, an yi komai da Turanci ya fito tsaf, sai ranar da aka zuba Hausa a ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ma su zama akwati babu komai. Salon da aka zaɓa ba shi da su. Wannan zai iya faruwa a kowane kayan aiki, maganinsa kuma shi ne tun ranar farko a gwada da jimla irin "ƙanƙara ta ɓata ɗakin", a kuma zaɓi salo irin Noto da ya tanadi haruffan. Sai wurin bincike. Wakili zai rubuta "Dan'azumi" alhali an ajiye "Ɗan'azumi", manhajar ta ce babu wannan manomi, shi kuma ya sake yi masa rajista, a wayi gari mutum ɗaya yana da suna biyu da bashi biyu. Dole ka koya wa manhajar cewa wajen nema, d da ɗ 'yan gida ɗaya ne. Flutter yana zuwa da fassarar kalandarsa da maɓallansa cikin harsuna da dama, har da Suwahili da Amharik da Zulu, amma da na nemi Hausa a jerin ban same ta ba, sai da na rubuta tawa. Wannan giɓi ne da mu ya kamata mu cike, tunda kod ɗin a buɗe yake ga kowa, kuma masu Suwahili ba su fi mu yawan baki ba har can. Wanda zai yi manhajar ajami ko ta makarantar allo kuwa, sai ya ƙara da gwada rubutu daga dama zuwa hagu da zaman wasulla a kan baƙaƙe, kafin ya yi wa kowa alkawari.

Wani abin da nake so ƙannenmu su riƙa tambaya shi ne: kayan aikin nan na wane ne, kuma in ya gaji da shi fa? PhoneGap ya yi tashe, Adobe ya rufe shi a 2020. Xamarin ya yi tashe, Microsoft ya saye shi a 2016, ya daina kula da shi a watan Mayun 2024, duk mai manhaja a kansa sai da ya yi ƙaura. Airbnb ya zuba ƙarfi a React Native, a 2018 ya sanar ya haƙura ya koma rubuta wa kowace waya tata. Da labari ya fito a 2024 cewa Google ya rage ma'aikata har da na ɓangaren Flutter da Dart, hankalin mutane da yawa ya tashi, duk da cewa aikin ya ci gaba. Babban kamfani in kayan aiki ya mutu yana da injiniyoyin da za su kwashe kaya. Ƙungiyar manoma ba ta da su. Abin da take da shi shi ne lambar wayar yaron da ya yi mata aikin, wanda wataƙila ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Legas. Saboda haka tambayar wa zai gaji kod ɗin nan ta fi tambayar wane harshe ya fi daɗin rubutu nauyi. A garuruwanmu yau za ka fi saurin samun mai Flutter ko mai JavaScript da zai karɓi aikin, kuma wannan hujja ce da ba na rainawa.

In aka matsa min sai na faɗi zaɓina, ga shi. Mai farawa ya fara da Kotlin da Android zalla, ko da na wata shida ne, ya san yadda wayar ke tashin manhaja da kashe ta, yadda ake neman izini, inda bayanai ke kwana. Kotlin ne harshen da Google ya fifita wa Android tun 2019, kuma Android ce ƙasar da muke takawa. Bayan nan, in aiki ya zo na mutum ɗaya ko biyu, ana so a gama da wuri kuma da gaske akwai masu iPhone a cikin kwastomomi, Flutter nake ɗauka, saboda abin da na gani a wayata shi zan gani a ta wakili. In kamfani ya riga yana da shafin intanet da aka gina da React da mutanen da suka iya shi, ɓata lokaci ne a ce su koyi Dart, su ɗauki React Native da Expo. In kuwa manhajar Android ce da ta riga ta kafu, daga baya masu iPhone suka yi yawa har suka cancanci a kula su, Kotlin Multiplatform ne hanyar da ba sai an rushe gida ba. Shi ne nake ganin mun fi yi wa rashin adalci, alhali shi ya fi dacewa da yadda kasuwarmu take girma: Android tukuna, sauran daga baya.

Maganar ba ta tsaya kan masu rubuta kod ba. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji da ke ba da kwangilar manhaja suna da al'adar rubuta "Android da iOS" a takardar sharaɗi ba tare da kowa ya je ya ga wayoyin waɗanda za su yi amfani da ita ba. Kuɗin jama'a ne ke tafiya wajen gina ɓangaren da ba a buɗewa sai ranar ƙaddamarwa. Da za a ji tawa, da an maye gurbin wannan layin da wasu: manhajar ta yi aiki babu netwok, kada nauyinta ya wuce kaza, a gwada ta a waya mai RAM gigabait 2 a gaban kwamiti, ta iya Hausa da haruffanta daidai, a kuma miƙa kod ɗin da makullin sa hannu, wato fayil ɗin sirri da ake hatimce manhajar da shi, ga mai aikin. Rashin wannan na ƙarshen ya sha jefa mutane cikin asara, domin in makullin ya ɓace tare da wanda ya yi aikin, sabunta manhajar da aka raba hannu da hannu ya gagara, sai dai kowa ya goge ya sake sakawa. Haka masu horarwa, daga shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 har zuwa ƙananan cibiyoyin unguwa: ina roƙon su da kada a yaye ɗalibi don ya iya jera maɓallai masu kyau a kan kwaikwayon waya a laftof. A ba shi tsohuwar itel, a kashe data, a ce ya nuna aikinsa.

Manhajar manoman nan da Flutter na yi ta, na fitar da ta Android kaɗai, wurare biyu kuma sai da na sauka na rubuta Kotlin: aika bayanai a ɓoye da buga rasit. Na matse ta iya ƙoƙarina, dattijon nan bai goge bidiyon bikin ba, wasu tsofaffin saƙonnin murya na WhatsApp muka share. Shi kuwa shugaba, da na zauna da shi na tambaye shi me yake son gani a wayarsa, sai ya zamana jimillar buhunan da aka tara a kowace rana ce da abin da ya rage a asusu. Na yi masa shafi guda da yake buɗewa a burauzar iPhone ɗinsa, na ɗora masa alamarsa a fuskar wayar kusa da sauran manhajojinsa. Kuɗin da za a kai wa Apple a shekarar, ma'aji ya sayo wa wakilai na ƙauyukan da ba su da wuta ƙananan na'urorin caji masu sola.